Ƙeyar Mai Usur

Auta tana guga a falo Baba ya shigo, ko sannu da zuwan da ta yi masa bai amsa ba. Ya zare hula ya jefa kan kujera. Gwaggo, yayarsa da ta zo wuni, ta dube shi.

"Lafiya, ɗan'uwa?"

"Daga wurin shaƙatawa nake. Na je in ga yaron da wannan take so, ban sanar ba, don a bakin aiki ake sanin mutum. Na yi sallama, na ce ni ne mahaifin Auta. Ya amsa da ladabi a baki, amma har na gama magana ƙeyarsa nake kallo. Ni, da furfurata!"

"Ai na faɗa," in ji Gwaggo. "Tun ba a ba shi ba ya nuna ƙeya. Ran da aka ba shi, sai ƙurarsa za ku gani."

Mai Usur, haka kowa ke kiran saurayin, shi ne mai gadin tafkin wurin shaƙatawar, inda ake hayar ƙananan jiragen ruwa masu feda. A can Auta ta san shi, kuma ita ma ba ta taɓa samun idonsa ba muddin akwai jirgi a ruwa.

"Baba, dokar aikinsu ce—"

"Dokar gidana kuma, kada ya sake taka ƙofar nan."

Da yamma Mai Usur ya zo ba da haƙuri, Baba ya ƙi fitowa.

Washegari Auta ta same shi a bakin tafki. Yara na lilo a bayansu, wasu iyalai sun baje tabarmi a inuwa, ita kuwa hawaye take sharewa da gefen mayafi.

"In Baba ya dawo, ka juya ka durƙusa. Ƙiftawar ido kawai. Filis, don Allah."

"Sori, Auta. Ruwa ba ya jira a gama gaisuwa."

"Ko da za ka rasa ni?"

Bai juyo ba.

"In na tashi diyuti, ko kwanciya Baba ya ce in yi a ƙasa, zan yi. Amma 'ya'yan mutane ne a cikin jiragen can."

Ta koma gida da zuciya kamar an ɗora mata dutse. Ba ta yi bore ba, ba ta ɗaga wa kowa murya ba. Takan yi aikinta, ta kai wa Baba ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi. Sai dai kayanta sun fara yi mata yawa, kuma uba, komai taurinsa, yana da ido. Wata Asabar ya ce, "Ɗauko mayafinki. Zan sake gwada shi, daga yau magana ta ƙare."

Wurin ya cika maƙil. Baba ya tsaya a bayan Mai Usur ya yi sallama.

"Barka da zuwa, Baba. Ka yi mini afuwa, akwai mutane a ruwa."

Ƙeya dai.

Baba ya ce, "To, tunda fuskarka tsada gare ta, ni zan zo in gan ta." Ya taka ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi, ya buɗe baki zai fara faɗa. Sai usur ya tsaga iska. Can tsakiyar tafki wani saurayi ya miƙe tsaye yana ɗaukar selfi, jirgin na tangaɗi. Da jin usur ya zauna.

Baba bai ƙarasa faɗan ba. Idonsa ya bi wancan jirgi, ya koma kan wani.

"Kai, dubi na gefen ciyawar can. Yarinyar ta kwance rigar da ke hana ta nutsewa."

"Na gani, Baba." Usur ya sake tashi.

Auta ta matso. "Baba, mu tafi gida kawai."

"Dakata mana," in ji Baba, ya ɗaga mata hannu. Bai waiwayo ba.

Haka suka tsaya har aka ɗaure jirgi na ƙarshe. Nan Mai Usur ya cire hula, ya zube a gaban Baba, bai damu da laka ba.

"Na ɓata maka rai, Baba. Ka yafe mini."

Baba ya daɗe yana kallonsa, sannan ya waiwayi 'yarsa.

"Auta, ɗazu kin yi mini magana?"

"Na yi, Baba."

"Me kika gani?"

Ta sunkuyar da kai, dariya da kuka suna kokawa a fuskarta. "Ƙeyarka."

"To, tashi, yaro. Ka turo manyanka."

Gwaggo ta yi ƙunƙuninta na ɗan lokaci, amma ita ta fi kowa kai-da-kawo ranar ɗaurin aure.

Da Auta ta yi wa mahaifinta tsiwa, da bai koma tafkin ba. Da saurayin ya saki amana don ya faranta wa suruki, da ba a san darajarsa ba. Kafin ka yanke wa mutum hukunci, ka tsaya inda ya tsaya, ka kalli abin da yake kallo.