Dubu Takwas ɗin da Ake Yanka wa Injiniya

Wata bakwai ke nan babu Injiniya a cikinmu. Babu ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida, babu mai shigowa da hannu duk baƙin mai yana cewa, "Auta, yaushe za ki girma ne?" alhali ina da 'ya'ya biyu. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Makaniken injuna ne a wani kamfanin sabulu, mu ne muka ƙara masa girma da wannan suna. Ban yi karatu mai zurfi ba, amma dole in rubuta labarin matarsa, don ina cikin waɗanda suka cuce ta. Wani na gani da idona, wani ita ta faɗa mini daga baya.

Tela ce, a falonta take ɗinki. Shi kuwa Akanta yake kiranta, don ko allura ba ta saye sai ta yi lissafi.

Wata ranar ƙarshen wata tana kan keken ɗinki ya faɗo ɗakin ko takalmi bai cire ba, ya ajiye mata waya a kan yadin da take ɗinkawa.

"Akanta, duba min alat ɗin nan. Ko idona ne ya fara lalacewa?"

Ta duba. "Dubu tamanin da shida. To?"

"To? Ina ma'aikacin wucin gadi dubu casa'in nake karɓa cif! Yanzu an mai da ni na dindindin, takarda ta ce dubu ɗari, na je na karanta wa Inna har ta yi kukan murna, ga abin da aka turo mini. Wannan ƙarin girma ne ko ƙarin wahala?"

Ya zauna, ya miƙe, ya leƙa taga, ya dawo. Ita kuwa ta sa ya ciro takardar albashinsa ta karɓa, ta ɗauki allin da take zana yadi da shi, ta fara rubutu a jikin tebur.

"Zauna mana, kana sa ni jiri. Ga haraji, biyar. Ga kuɗin ƙungiya, ɗaya. Ga fansho, takwas. Sha huɗu ke nan, saura tamanin da shida. Babu wanda ya cuce ka. Kuma dubi layin ƙasa: duk wata da aka yanki takwas ɗinka, kamfani na zuba maka goma daga aljihunsa. Sha takwas ake tara maka."

"Sha takwas ɗin da ba zan gani ba sai na yi furfura!"

"Ai ka fara, ga guda biyu nan bayan kunnenka."

Ya kai hannu ya shafa, ta tuntsire da dariya. Shi ma ya ɗan murmusa, amma hankalinsa bai kwanta ba.

"Abokan aikina da yawa sun cike fom sun fita daga tsarin. Suna karɓar takwas ɗinsu a hannu."

"Su kuma yar da goman kamfani." Ta ajiye allin. "Baban Ummi, shekara ashirin da takwas babana ya yi a masaƙa. Ranar da ƙarfinsa ya ƙare, da ledar kayan aikinsa kaɗai ya dawo gida. Na ga yadda yake sunkuyar da kai in zai tambayi 'ya'yansa kuɗin magani. Ba na so in ga ka sunkuyar da kai a gaban kowa."

Sai ya ce, "Kin gama da ni, Akanta. Amma matsalar ita ce na riga na yi wa Inna alkawari. Dubu ashirin ɗin da nake ba ta, na ce daga yanzu talatin ne."

"Kai! Kafin ka ga albashin?"

"Murna ce ta kwashe ni."

Wata na farko ya kai wa Inna, mahaifiyarmu, ashirin ya ba ta haƙuri. Wata na biyu ma haka. Inna ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ita dai dubu ɗari ta ji da kunnenta, kuma ɗanta bai taɓa yi mata ƙarya ba sai da ya yi aure. Kullum sai ta kira ni sau uku: "Auta, ina sauran kuɗin yake zuwa?"

Wata rana na kai wa Anti, haka nake kiran matar tasa, ɗinki. Ta shiga dafa mini shayi, na ga fayil a kan tebur. Na buɗe. Takarda ce da Turanci, ga tambarin kamfani, ga sunan Injiniya, ga dubu takwas a rubuce, ga kuma sunan Anti da lambar wayarta a ƙasa. Na yi sauri na ɗauki hoton shafin da wayata, na rufe, na sha shayinta, na yi mata godiya.

Na kai wa Yaya Babba, babban wanmu mai sayar da taya. Ya ja hoton da yatsa ya faɗaɗa, ya gyaɗa kai.

"An gama! Kamfani ke yankar kuɗinsa yana tura mata kai tsaye. Ga sunanta, ga lambarta. Yarinyar nan ta shanye shi!"

Ranar Asabar da safe Inna ta sa aka kira su. Akanta ta shigo da sallama ta durƙusa, babu wanda ya amsa gaisuwarta. Tun daga nan jikinta ya ba ta. Yaya Babba ya miƙa wa Injiniya wayata.

"Sunan wa ke nan?"

"Sunanta ne. Fom ɗin fansho ne, Yaya. Wanda za a nema ne idan wani abu ya same ni, ba wai ana ba ta..."

"Fansho! Shekara ashirin ina sana'a, wa ya taɓa yanka mini fansho? Na mutu?"

"Mu je ofis ɗinmu ranar Litinin, su yi muku bayani."

"Don ka riga mu zuwa ka shirya da abokanka? Ba yara ba ne mu!"

Akanta ta ɗago kai. "Inna, wallahi ko sisi bai taɓa shiga hannuna ba. Ni dai na ba shi shawarar ya zauna a tsarin ne, saboda..."

"Kun ji ko!" Inna ta tafa hannu. "Ta faɗa da bakinta! Ke ce mai ba da shawara, ni da na haife shi na zama 'yar kallo. To ka ji ni da kyau, ɗan nan. Ko ka je ka tsayar da yankan nan, ko ka sallame ta. Ɗaya za ka zaɓa."

Akanta ta juyo ta dube ni, ta dubi wayar. Hawaye kawai ke zuba a kan hijabinta.

Ranar Litinin Injiniya ya karɓo fom ɗin fita daga tsarin. Kwana huɗu yana yawo da shi a aljihu, ya ciro ya karanta ya mayar. Abinci sai ya ci loma biyu ya ture. Ita ma ɗinki ya gagare ta, sau biyu tana ɗinke hannun riga a baibai. Ranar Juma'a da la'asar ya shimfiɗa fom ɗin a kan kekenta.

"Faɗa mini abin da zan yi. Kaina zai fashe."

Ta ɗauko biro ta ajiye kusa da takardar. "Idan ka ga fitar ta fi maka alheri, ga biro, ba zan yi fushi ba. Amma idan don a daina zagina ne, bar shi. Zan iya ɗaukar zagi. Kuma ko ka fita, ba za su fasa cewa na ci na baya ba."

"In Inna ta dage sai na sake ki fa?"

Ta ce, "Uwa ce. Ba zan ce ka saɓa mata ba. Sai dai ka bar mini Ummi ta ɗan ƙara wayo."

"Haba, Akanta! Haba!" Ya durƙusa a gabanta ya riƙe hannayenta. "Wa zai riƙa ƙirga mini furfura? Sori, daina kukan nan. Ba inda za ki."

Ya ninke fom ɗin ya mayar ofis ba sa hannu. Ya je ya zube a gaban Inna, ya ce ta yi masa kowane hukunci amma ban da saki, kuma daga wannan wata talatin ɗinta zai cika. Inna ta kau da kai.

"Na ji. Amma kada ta ƙara tako mini gida."

Goman da ya ƙara, da gumi suka nemo ta. Shi ya sadaukar da Asabar ɗinsa yana gyaran janareta a shaguna. Ita ta karɓi ɗinkin kayan makaranta, aiki mai yawa kuɗi kaɗan, har ƙafafunta na kumbura. Inna kuwa ganin talatin ya cika sai ta ce, "Kun gani? Da ma kuɗin na nan, tsoro ne ya sa ta sako su."

Shekara shida aka yi a haka. Akanta ta haifi ɗa namiji, Inna ta aika aka kawo mata jaririn ta gani, amma ba ta nemi uwar ba. Duk da haka ba a yin wata uku ba ta ɗinka wa Inna kaya ta ba shi ya kai ba. Inna sai ta miƙo mini, ni kuma in saka ba kunya. In an kira taron dangi, ita ce mai wanke-wanke a bayan gida, muna jefa mata habaici tana ji. Wani lokaci takan ce masa, "Anya ban raba ka da danginka a kan dubu takwas ba?" Shi kuma ya ce, "Lissafinki bai taɓa kuskure ba, ba a kaina zai fara ba."

Ciwon kwana uku ya yi. Ya dawo daga aiki da ciwon kai, aka kai shi asibiti, rana ta uku da hantsi Allah Ya karɓi abinSa, hannunsa cikin nata.

Ko wata ba a yi ba Yaya Babba ya fara lissafi: takwas sau shekara shida, duk yana wajen Anti, kuma dukiyar marayu ce da ta Inna. Kullum sai ya aika mata. Ta ce a bari ta fita takaba. Kwana biyu da fitarta muka ɗunguma zuwa kamfanin, ni da Inna da shi, ita tana biye da mu a baya kamar wadda aka kama da sata.

Wata ma'aikaciya mai tabarau ta zaunar da mu, ta yi mana ta'aziyya, ta ɗauko fayil.

"Muna so mu san nawa kuka tura wa matar nan," in ji Yaya Babba.

"Tura mata? Ba mu taɓa tura wa kowa komai ba. Kuɗin fansho ba ya fita sai mutum ya yi ritaya ko ya rasu. Suna nan a asusunsa, nasa da wanda kamfani ya zuba, har da riba." Ta juyo mana da kwamfuta. "Miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai da 'yan kai. Na magadansa ne."

Yaya Babba ya ciro hoton nan. "To wannan sunan nata fa?"

"Wanda za mu nema ne in an yi rasuwa. Mutum biyu ake rubutawa." Ta buɗe shafi na biyu, shafin da ban tsaya na duba ba. "Ga ta biyun nan, mahaifiyarsa. Ke ce, Mama?"

Na leƙa. Sunan Inna ne, da lambar wayarta. Kuma na san rubutun, shi nake gani in ana rubuta awon rigata a littafin ɗinki.

"Wa ya rubuta?" Inna ta tambaye ni a hankali.

"Anti ce, Inna."

Inna ta juya ta dubi surukarta, karo na farko cikin shekara shida.

"Me ya hana ki faɗa mini, 'yar nan?"

"Na so in faɗa, Inna."

Nan Inna ta fashe da kuka a gaban mutane, ta jawo ta ta rungume. "Na hana ɗana kwanciyar hankali a banza! Ki yafe mini, ki roƙa mini shi in kin yi addu'a!"

"Bai taɓa riƙe ki a rai ba, Inna. Ni ma na yafe."

Yaya Babba ya fita waje, sai washegari ya je har gida ya ba ta haƙuri. Ni kuwa na kama ƙafarta a bakin ƙofar ofis ɗin. Ta ɗago ni ta ce, "Tashi, Auta, mutane na kallo."

An raba kuɗin yadda addini ya tsara. Inna ta karɓi rabonta ta damƙa wa Anti, ta ce a sa a karatun yaran. Yanzu a gidan Anti take wuni, tana riƙe mata yadi suna hira.

'Yan'uwana, abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki daban, abin da ke shigowa hannu daban, kuma ba duk abin da aka yanka ne ya ɓata ba. Kada ku yanke wa mutum hukunci da rabin takarda. Wanda aka zalunta ya yi haƙuri, Allah ba Ya barin sa.

Ina roƙon duk wanda ya karanta ya ɗaga hannu tare da ni. Allah Ka jiƙan yayana, Ka haskaka kabarinsa, Ka raya abin da ya bari. Ka saka wa matarsa da alherin da mu muka kasa yi mata. Ni kuma da na haddasa wannan, Ka yafe mini. Ku ce amin.