Minti Biyar a Tabarmar Baba

Ina laɓe bayan labule lokacin da Baba ya tura wayar Fareeda gaban Abdulwahab.

"Kai ne wannan?"

"Ni ne, Baba."

A bidiyon yana tsaye a filin ƙwallo a Aboabo, tafukansa haɗe a ƙirji, fuskarsa na kallon rana tana fitowa. Fareeda, da ke zaune a gefe, 'yar ƙanen Baba ce. Tun da Abdulwahab ya daina amsa saƙonta ya fara raka ni gida take neman inda za ta kama shi. Yanzu rabin layinmu cewa suke mai koyar da motsa jiki da yoga ɗin nan rana yake bauta wa.

"Mai bautar rana ba zai auri Barakatu ba," in ji Baba.

Da na ji sunana, na ƙanƙame labulen.

"Baba, mutum goma sha biyu ne a gabana, wayar ce ta yanke su. Su ke ba rana baya don kada ta shige musu ido, ni kuma dole in fuskance su. Daga masallaci muke wucewa can, dukanmu."

"Baki ai kowa na da shi."

Baba ya yunƙura zai gyara zama, sai ya cije leɓe. Shekara talatin yana kwanciya ƙarƙashin motoci a Magazine, unguwar makanikai, har ya zama masta.

"Bayan ne, Baba? Awa nawa kake barci?"

"Ina ruwanka?"

"Huɗu," in ji Mma, mahaifiyata, daga kicin. "Sai ya cika ciki da tuwo paa, har wuya, ya kwanta."

"Ke aka tambaya?"

"Kuma da faɗa yake tashi."

Abdulwahab ya sunkuyar da kai, na san dariya yake ɓoyewa.

"Baba, ni ba baya kaɗai nake dubawa ba. Barci, abinci, numfashi, har da ɓacin ran, tare ake gyara su. Ka ba ni minti biyar. In ka ga shirka a ciki, ba zan sake taka ƙofar nan ba."

Wayyo Wahab... aurenmu kaf a kan minti biyar?

Ban taɓa ganin Baba kwance a gaban baƙo ba sai ranar. Ya miƙe a tabarma yana gunaguni, ya jawo gwiwa zuwa ƙirji.

"A hankali... ja numfashi ta hanci... sake shi. Kada ka yi kokawa da shi, ba kusa ba ce mai tsatsa."

Mma ta leƙo. "Fareeda, wannan ba za ki ɗauka ba?"

Fareeda ta suri wayarta ta fice.

Da suka gama, Baba ya tashi zaune bai dafa bango ba. Ya juya hagu, ya juya dama. 

"Wannan ai miƙa ce. Ko kyanwa tana yi."

"Tana yi, Baba."

"Barakatu, fito, tun ɗazu nake ganin yatsun ƙafarki. Kina son shi?"

Na ja mayafi na rufe fuska. Kai kawai na iya ɗagawa.

"To. Ka turo manyanka da goro ranar Juma'a."

Na zame na zauna a ƙasa, hawaye na zuba, ina dariya. Abdulwahab ya saci kallona, ya motsa leɓe ba sauti: "Zuciyata."

Baba ya yi gyaran murya.

"Gobe ka dawo bayan asuba. Ta ƙofar baya. In 'yan Magazine suka ji masta yana yoga, na fasa."