Gwangwanin Alluran Kaka

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da ke zaune da iyayenta da kakarta. Kaka tela ce. Ta tsufa, amma hannunta bai manta ɗinki ba. Ido ne kawai ya yi rauni, ba ta iya zura zare a allura.

Wannan aikin na yarinyar ne. Da ta dawo daga makaranta sai ta ji Kaka tana cewa, "Zo ki ara mini idonki." Matan unguwa kuma su cika ɗakin. Wannan rigarta ta yage, waccan maɓalli ya cire. Kaka na ɗinki, tana tsokanarsu, ana ta dariya.

Yarinya fa ta gaji. Ƙawayenta na can suna wasa, ita tana nan da allura. Rannan sai ta ɗauke gwangwanin allurai da zare, ta tura shi can ƙarƙashin gadonta. Ta tsaya a ƙofar gida. Duk matar da ta zo sai ta ce, "Kaka ta daina ɗinki. An ce ta huta."

Kaka ta duba ko'ina, ba gwangwani.

"Inna, ki bar shi," in ji Umma. "Dama ya kamata ki huta."

Kaka ta zauna a bakin gado. Ta ce a hankali, "Ashe na fara mantuwa."

Yarinya ta ji, amma ba ta fito da gwangwanin ba.

Mako ya bi mako. Ɗakin ya yi tsit. Kaka ta daina takawa kasuwa sayen zare. Sai ta wuni tana kallon taga. Abinci ma sai an yi da gaske take ci.

Wata safiya yarinya ta kai mata ruwa. Kaka ta daɗe tana kallonta.

"Ke... tsaya mana. Sunan yana bakina."

Yarinya ta gane Kaka ta manta sunanta. Kakarta ce fa, wadda ta goya ta! Ta fita da gudu, ta ɓuya a bayan ƙofa tana kuka.

Baba ya kai Kaka asibiti. Yarinya ta bi su, tana riƙe da jaka. Likita ya auna jinin Kaka, ya yi mata tambayoyi da yawa.

"Kaka, da wa kike hira?"

"Da bango, ɗan nan."

Likita ya dubi Baba. "Ban ga cutar mantuwa ba tukuna. Kaɗaici da damuwa ne suka yi mata yawa. Amma in aka bar ta haka, haɗarin yana ƙaruwa. Tsoho yana bukatar hira, da aikin hannu, da ɗan tattaki. Me ya hana ta ɗinkinta?"

Kaka ta sunkuyar da kai. "Ni na ɓatar da kayan aikina. Kaina ne ya lalace."

"Ba ke ba ce!" Yarinya ta fashe da kuka. "Ni na ɓoye! Ni na kori matan! Kaka, ki yafe mini!"

Kaka ta jawo ta jikinta. "Yi shiru haka nan. Yaro bai san wuta ba sai ya taka."

Da suka koma gida Baba ya ce, "Wadda ta kori mutane, ita za ta dawo da su."

Haka yarinya ta dawo wa Kaka da gwangwaninta, ta bi gida gida, kunya kamar ta nutse. Ta faɗi gaskiya a kowace ƙofa. Washegari mata uku suka zo. Bayan mako guda ɗakin ya cika. Da yamma kuma ita ke riƙe hannun Kaka su zaga unguwa.

Ba a rana ɗaya Kaka ta warware ba. Amma wata rana, ana tsakiyar hira, ta nuna jikarta ta ce, "Kun ga wannan? Ranar Talata aka haife ta, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kukanta ya fi tsawa!"

Kowa ya kwashe da dariya. Yarinya ma ta yi dariya, hawaye na zuba.

Tun daga ranar ta gane cewa barin tsoho shi kaɗai ba hutu ba ne. Mai son kakarsa ya zauna da ita, ya yi hira da ita, ya taimaka mata ta ci gaba da aikin da take so.