Shimfiɗar Tsoho

Magariba ta riski direban tifa a tsakiyar busasshen rafi, tayoyin baya sun nutse a cikin yashin da ya wuni yana lodi. Masu shebur sun tafi neman wanda zai ja motar. Motar ba tasa ba ce, dole ya zauna gadinta.

Damina da saura, amma sai ya ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, kwaɗi kuma suka fara kuka. Wani tsoho ya ɓullo yana bin tsakiyar rafin, rigarsa ta manne masa a jiki.

"Sannu, Baba. Daga ina haka?"

"Gida na dawo, ɗana," in ji tsohon, muryarsa kamar tulu yana cika. "Kai ne kake kwashe mini shimfiɗa? Duk shekara sai na tarar ta ragu."

Direban ya yi dariyar yaƙe, ya ce shi ma aiko shi aka yi.

"To, matsa. Na gaji, zan kwanta."

Direban ya haska ƙasa da fitilar wayarsa. Duk inda tsohon ya taka cike yake da ruwa, ƙananan kifaye na juyi a ciki. Sai ya ji sanyin ruwa yana hawa ƙafafunsa.