Sallama da Ruwan Magudana

A ɗakin girki aka yanke maganar, tsoho Eusebio da matarsa Remedios suna zaune kamar ba da su ake ba.

"Ni zan ɗauki Baba, ke ki tafi da Mama," in ji babban ɗansu Ginés. "Makaho da mai ciwon mantuwa a gida ɗaya? Wa zai iya?"

Ƙanwarsa Amparo ta sunkuyar da kai, ta ce to. Auren shekara hamsin da biyu, aka raba shi kafin kofi ya huce.

Eusebio bai yi musu ba, sandarsa kawai ya laluba. "Taso, tsohuwa, mu yi wa ruwa sallama."

Shekara talatin ya yi yana raba wa manoman tudun nan ruwa daga tsohuwar magudanar da ta ratsa gonakin zaitun. Amparo ta bi su daga nesa, kada su faɗa ciki.

"Dutse a gabanka, ɗaga ƙafa," Remedios ke faɗa masa. "Reshe ne, sunkuya."

Can ta tsaya cak, ta fizge hannunta. "Bawan Allah, wane ne kai?"

Eusebio ya kasa kunne. "Kin ji ƙarar ruwan ta sauya? Mun iso gonar babanki. A nan kika jefe ni da ɓaure, wai na sace muku ruwa."

Ta daɗe tana kallonsa. "Eusebio. Ai ka sata ɗin."

"Na sata mana, don ki fito ki yi faɗa."

Sai ya juya. "Amparo, tun daga gida nake jin takunki. Idan ta rasa gane ki, kada ki yi mata tsawa. Ki ba ta labarin da za ta tuna."

Kuka ya ƙwace wa Amparo. "Baba, ban san labarinta ko ɗaya ba."

A ranar ta kwashe su duka biyun zuwa ɗan ƙaramin gidanta na birni. Ginés ya ce za ta yi nadama. Wahala kam ta sha, amma ta yi haƙuri shekara uku. Ranar da Remedios za ta cika, ba ta gane kowa ba, sai da tsohon ya yi magana ta kira sunansa sarai.

'Ya'ya, kafin ku raba iyaye don neman sauƙi, ku duba da kyau. Waɗanda kuka ɗauka kaya ne guda biyu, wataƙila su ke ɗauke da junansu.