Jan Zare a Tiyon Dama

Ƙafafunta Dogo ya fara gani. Tana kwance ƙarƙashin taraktar babansa, hannu ɗaya ya leƙo yana kaɗawa.

"Malam, miƙo min sifana sha tara. In kuma kallo ka zo, matsa, ka tare min haske."

Dogo ya miƙa mata sha bakwai. Ta fito da baƙin mai a goshi, ta dubi sifanar, ta dube shi, ta yi dariya. Shi ke nan, mutumin naku ya faɗa tarkon so.

Ita ce injiniyar da aka ɗauko ta sa wa taraktar na'urar GPS mai riƙe sitiyari da kanta. Idon Baba ya fara rauni, kunyoyinsa na karkacewa, shi kuwa ya rantse ba zai bar tuƙi ba. Ta kafa eriya a rufi, ta ja waya zuwa bawul ɗin da ke tura mai cikin sitiyari. Tiyo biyu ne a jikinsa, ɗaya na juya taya dama, ɗaya hagu. Ta ɗaura jan zare a na dama.

"Ka gan su kamar tagwaye ko? Kada ka kuskura ka sauya musu gurbi. Na'ura za ta ce dama, tarakta ta yi hagu."

"Na ji, Injiniyata."

"Tun yaushe na zama taka?"

Aikin kwana biyu sai da ya ci sati, kullum Dogo da abin da bai gane ba. Saƙon waya kuwa ba a magana.

"Injiniyata, tarakta na tafiya sambal. Ni ne dai na kasa."

"Dogona, kawo kanka gareji a duba ka."

Ranar da mai ya fara ɗiga bai kira ta ba, so yake ya burge. Ya kwance tiyoyin, zaren ya zame ya faɗi, ya tsince shi ya sa a aljihu, ya mayar da tiyoyin da ka. Washegari Baba ya hau ya danna maɓalli. Taraktar ta ɗan kauce hagu, na'ura ta nemi dawo da ita, sai ta ƙara tsunduma hagun. Kafin tsoho ya lalubo birki, garma ta tumɓuke itatuwan lemo uku da marigayiya mahaifiyar Dogo ta dasa da hannunta.

Baba bai yi faɗa ba, zama ya yi a ƙasa. Da injiniyar ta iso ya ce, "'Yata, kwashe kayanki. Kai kuma Dogo, kada in sake jin zancenta a gidana."

Ta leƙa ƙarƙashi, babu zare. Ta ɗago ta dubi Dogo. Dogo ya dubi takalminsa, alhali zaren na cikin aljihunsa. Wallahi har yau in na tuna wannan shirun sai raina ya ɓaci.

Labari ya zaga gonaki. Damina guda ba manomin da ya kira ta. Wani mai sayar da kayan gyara ya fara zarya gidansu, mahaifiyarta na ce mata ta duba, mutumin kirki ne. Saƙo ɗaya kawai ta turo wa Dogo:

"Ban tona ka ba don kada babanka ya rasa itatuwa ya rasa ɗa rana ɗaya. Ina jira ka faɗa da bakinka."

Wata bakwai yana karanta shi. Wata safiya ya durƙusa ya sa zaren a tafin hannun Baba, ya faɗi komai.

Tsohon ya daɗe yana murza zaren. "Itatuwa ana dasa wasu. 'Yar mutane fa, da ka zuba ido na kora?"

Da kansa ya sa Dogo ya riƙe masa hannu, gona-gona, yana gaya wa manoma laifin na ɗansa ne. Gidansu yarinyar ne zangon ƙarshe.

"Na yafe maka, Dogo," in ji ta. "Amma da a ranar ka yi magana, da ba abin yafewa."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Baba ya haɗa hannayensu ya ce, "Allah Ya yi muku albarka, Ya miƙe muku hanya."

Satin farko amarya ta mayar da na'urar, ta ɗaura sabon zare, ta zo da murna ta ce, "Baba, zo ka hau, ta miƙe."

Ya juyo wajen muryarta yana murmushi. Zuwa lokacin idon ya riga ya tafi. Daminar da Dogo ya yi shiru ita ce ta ƙarshe da zai iya tuƙi.

"Hau ke, 'yata. Ina jin ƙarar daga nan."

Dogo ya koma bayan taraktar ya yi kuka.