Rumbun Baba Mati

A kan bencin ƙofar ofishin ƙaramar hukuma a Malumfashi suka fara ganin juna, cikin daminar 1985. Benci ne mai tarihi, mutane da dama sun zauna a kansa da baƙin gashi sun tashi da furfura. Sulemanu ya zo tambayar inda takin zamanin ƙauyensu ya maƙale. Salome ta zo roƙon alli, don ajin da take koyarwa ya koma rubutu da gawayi. Aka ce wa kowannensu oga ya fita, a dawo gobe.

"Ke ma goben aka ba ki?" in ji Sulemanu.

"Ni tawa goben har ta isa yaye," ta ce, ba ta ko ɗago kai ba.

Ya yi dariya, ta ɗago, shi ke nan. Ashe rafi ɗaya ne ya raba unguwanninsu a ƙasar Gozaki, karatun malanta ne ya ɓoye ta a Zariya. Ba su samu taki ba, ba su samu alli ba, amma wannan ne karo na farko da ofishin nan ya amfani wani.

Sulemanu shi ne sakataren ƙungiyar manoman yankin. Dukiyar ƙungiyar hatimi ne da takarda mai tambari, a kanta kuwa yake rubuta wa Salome saƙo, gwaggonta Mairo ta kai.

"Malamata, ƙungiya ta yi zama yau, ni kaɗai na halarta. An amince baki ɗaya cewa ba ni da kowa sai ke. Naki, Sakatare."

Ita kuma ta amsa: "Sakatarena, na karɓi hukuncin taro. Amma a gaya wa ƙungiya ta yi sauri, Besfa ta soma sanin ƙofar gidanmu."

Besfar, wato ɗan babur, ta Maitama ce, akawu a kamfanin gurzar auduga a Funtua. Kowace Lahadi sai ya jingine ta daidai ƙofar majami'a, yadda ba mai shiga sujada bai gaishe ta ba.

Mahaifin Salome, Baba Mati, dattijon ikkilisiya ne, kuma a duk yankin ba a san shi da komai ba kamar rumbunsa. Ƙaton rumbu ne a ƙofar gida, kowace shekara sai an yi masa sabon yaɓe, bakinsa a liƙe. Ana cewa akwai dawa a ciki da ta girmi wasu yaran gari. Mutanen gidan kaɗai suka san tun shekarar fari babu ko ƙwaya a ciki.

Da iyayen Sulemanu suka kai shi gaisuwa, Baba Mati ya dube shi sama da ƙasa.

"Me kake yi, yaro?"

"Ni ne sakataren ƙungiya, Baba."

"Ban tambaye ka me ake kiranka ba. Me kake yi?"

Sulemanu ya dubi tabarma.

"Hatimi ba ya tuwo," in ji tsohon. "Ba zan yi wa 'yata dole ba, amma ba zan ba da ita ga yunwa ba. Kafin a gama cirar auduga ka zo min da sana'a. In babu, ka nemi wani bencin."

Fata ɗaya ya rage masa. Akwai wata ƙungiyar agaji ta Turai mai ofis a Kaduna, tana ba ƙungiyoyin ƙauye tallafi. In an dace, za a gina rumbun tsimi na gari, a kafa kwamitin da zai riƙa tsayawa gaban ƙaramar hukuma yana tambayar ina taki, ina hanya, a kuma yanka wa sakatare ɗan albashi. Sulemanu ya rubuta har biro ya ƙafe. Amsa ta zo cewa za a turo wata Baturiya, Madam Judith, ta ga halin da suke ciki da idonta.

A taron shirin tarbarta ya roƙi jama'a abu ɗaya tak. "Don Allah a bar komai yadda yake. Buƙatarmu ta zo gani."

Mai'unguwa Jibo ya gyara zama. "Baƙuwa ta taso tun daga uwa duniya ta same mu haka? Mu mabarata ne?"

Liman ya ce abin kunya ne. Fasto ya ce lallai abin kunya ne. Rabon da su biyun su yi saurin yarda da juna haka har an manta.

Aka kira gayya aka cike mashigin rafin da ya shekara yana cin motocin auduga. Aka aro tarakta wurin wani Alhaji a Bakori, shanu suka jawo ta, don ba ta tashi. Ramammun shanun kuma aka kora su bayan dutse. Aka aro riguna, aka yanka rago, aka dafa shinkafa a garin da yara suka manta kamanninta.

Madam Judith ta taɓa aikin jinya a wani asibitin mishan, tana jin Hausa daidai gwargwado. Ta zo a mota Landiroba, ta wuce mashigi sumul, ta ga tarakta, ta ci rago. Da la'asar ta miƙe ta yi godiya.

"Kun ci gaba ƙwarai," ta ce. "Akwai garuruwa da suka fi ku buƙata. Zan gaya wa ofis ku abin koyi ne."

Jama'a suka yi tafi. Mai'unguwa har da share hawaye.

Salome ta sami Sulemanu a bayan majami'a, ya haɗa kai da gwiwa.

"An gama da ni, Malamata. Da rago aka yanka ni. Gobe zan bi motar Kaduna, ko masaƙa za ta ɗauke ni. Kada ki jira mutumin da ba shi da ranar dawowa."

"Kai ma gobe za ka ce min?"

"To me zan ce? Duk abin da na rubuta mata ya zama ƙarya a idonta."

"Tashi, Sakatare. Ba a rufe taro ba tukuna."

Direba ya riga ya tayar da mota. Baturiya ta tsaya ɗaukar hoto na ƙarshe, na rumbun Baba Mati, shi kuma yana tsaye a gindinsa cikin babbar riga. Salome ta ratsa mutane ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ban taɓa roƙonka komai a gaban jama'a ba. Ka buɗe mata rumbun."

"Kin san abin da kike faɗi?"

"Na sani, Baba. Ni nake sayo masara a Bakori in ɓoye ta cikin buhun gawayi. In motar nan ta tafi, da Sulemanu ta tafi, da ni, da garin nan."

Tsohon ya kau da kai. Gwaggo Mairo, yayarsa, wadda ba ta taɓa koyon raɗa ba, ta dogara sandarta ta matso.

"Mati, yaɓe ba ya ƙosar da kowa. Ko da rumbun za a binne ka?"

Baba Mati ya juyo. Ya dubi 'yarsa a ƙasa, ya dubi gari duka ya zuba masa ido. Sannan ya tuɓe babbar rigar, ya ce a kawo tsani. Shi da kansa ya hau, ya ɗage jinka, ya fasa yumɓun da ya liƙe bakin. Ya sauko, ya nuna wa baƙuwa tsanin.

Ta hau ta leƙa. Yanar gizo ce da wani tsohon kwando. Ko ɓera ya daɗe da neman canjin wurin aiki.

Can Liman ya yi gyaran murya.

"Nawa ma haka yake."

"Tarakta ba ta da inji," in ji Mai'unguwa, yana kallon ƙasa.

"Ragon da kika ci nawa ne," in ji Gwaggo Mairo, "kuma ba shi da ƙane."

Daga nan sai abu ya ɓalle. Mutanen da suka yi mako suna ɓoye talauci suka shiga gasar nuna shi, kowa na jan baƙuwa ta zo ta ga nasa rumbun. Ta ce wa direba ya kashe mota. Maitama kuwa, da ya zo kallo a kan Besfarsa, ya tuna yana da aiki a Funtua, har yau bai gama shi ba.

Da rana ta kusa faɗuwa Baba Mati ya aika aka kira Sulemanu. Ya same shi zaune a gindin rumbun, bakinsa a buɗe har yanzu.

"Baba, ka gafarce ni. Ban san za ta..."

"Yi shiru. Wannan tallafin naku, zai zo?"

"Ban sani ba, Baba. Ta ce za ta rubuta."

"To. Ba ka da sana'a, ni kuma ba ni da dawa, ashe ba wanda zai yi wa wani gori." Ya kakkaɓe yumɓu daga hannunsa. "Saboda kai na tone kaina a gaban duniya. Wanda ya sa aka ga cikin rumbuna ba zai ci gaba da zama bare ba. Turo iyayenka."

Bayan an kai auduga kasuwa aka ɗaura aure a majami'a. Zumuntar matan majami'a suka buga tulun kiɗa har hannu ya yi tsami, Fasto ya sa albarka, Liman ya yi tasa addu'ar a ƙofar gida, Gwaggo Mairo ta ce amin ga duka biyun. Tallafin ya iso daga baya, a makare, kuma ya rame a hanya kamar yadda tallafi ya saba. Bai isa gina sabon rumbu ba, sai kwamiti ya nemi aron na Baba Mati. Aka zuba dawar gari a ciki har baki.

Ranar da aka liƙe shi, amarya ta tsaya kusa da angonta suna kallon tsohon yana shafa sabon yaɓe da tafin hannu.

"Sakatarena, yaushe kwamiti zai koma Malumfashi kan maganar taki?"

"Yau, Malamata. Mun bar musu goben."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya kuma sa rumbun da suka cika a rufe ya zama gaskiya yake faɗi.